An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Yau zancena a kan wani fim ɗin Indiya ne mai suna Enthiran, wanda aka fi sani da Robot, na shekarar 2010. S. Shankar ne ya ba da umarni, Rajinikanth ya fito a mutum biyu, Aishwarya Rai ce jarumar. Ƙanwata ce ta sa aka tura mata shi a waya a kasuwar Sabon Gari, muka kalla a ɗakina a Samaru bayan mun ci tuwon dare. Ita ta tashi da hawaye, ni kuwa na tashi da haushi.

Ga yadda abin yake. Dokta Vaseegaran ya ƙera mutum-mutumi mai kama da shi sak, aka sa masa suna Chitti. Ya iya girki, ya iya rawa, yana haddace littafi kafin ƙiftawar ido. Rannan gobara ta tashi, aka tura shi ceto. Ya tarar da wata yarinya tana wanka, ya sunkuto ta haka nan ba zane, ya dire ta gaban jama'a da 'yan jarida. Kunya ta sa ta ruga a guje, babbar mota ta buge ta, ta mutu nan take.

A nan kam dole in yaba wa mai fim. Duk macen da ta kalli wurin nan sai tsigar jikinta ta tashi. An koya wa Chitti lissafi, ba a koya masa sutura ba. A lissafinsa an ceci rai, aiki ya yi kyau. Bai san cewa 'ya mace ba numfashi kaɗai take rayuwa da shi ba, har da mutuncinta.

To amma daga nan sai fim ya saki hanya. Maimakon a tambayi wanda ya saki na'ura cikin mutane alhali ba ta da tarbiyya, sai aka buɗe shafin soyayya. Chitti ya kamu da son Sana, budurwar maigidansa. Mugun Farfesa Bohra ya juya masa ƙwaƙwalwa, aka shiga harbe-harbe. A ƙarshe kotu ta sallami Dokta, ta ce a kwance Chitti. Muka zauna muna tausayin ƙarfe, yarinyar nan kuwa babu wanda aka kama da alhakinta. Haba jama'a! Ai wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki.

Kada ki ce ai fim ne. Tun da ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022, ƙirƙirarriyar basira ta shigo mana har uwar ɗaki. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke haya a unguwarmu da ita suke bitar karatu, kuma tana da amfani, ban musa ba. Amma da irinta ne ake ɗaukar hoton bikin yarinya a ɗora fuskarta a jikin da ba nata ba, ko a kwaikwayi muryar mutum ta faɗi abin da bai faɗa ba. In aure ya mutu a kan haka, wa za a kama? Waya?

A Nuwamban 2021 ƙasashe 193 na hukumar UNESCO suka amince da ƙa'idojin ɗa'a kan wannan fasaha. Daga ciki akwai cewa alhaki na ƙarshe a wuyan ɗan Adam yake, ba a jingina shi ga na'ura. Abin da fim ɗin ya kasa faɗa ke nan. Shugaba, ko na ofis ne ko na makaranta ko na gida, ba shi da damar cewa "kwamfuta ce ta yanke." Wa ya sayo ta? Wa ya sa hannu?

Don haka 'yar uwa, ki kalli fim ɗin, yana da daɗi. Amma in aka turo miki hoton 'yar wani, ki tsaya ki yi tunani kafin ki tura gaba. Na'ura ba ta da kunya, ke kina da ita. Allah Ya rufa mana asiri, mu da 'ya'yanmu, amin.