Hoton Halittar Adamu da Dutsen Tasha ta Shida

A ƙarshen shekarar 2020 aka fito da sabon littafin tarihi na 'yan aji shida na firamare a ƙasar Sudan. A babin da ya yi magana a kan farfaɗowar ilimi a Turai, aka sa wani hoto da ake kira Halittar Adamu, aikin gwanin zane na Italiya mai suna Mikelanjelo. Tun yara ba su kai ga wannan shafi ba, manya suka kama faɗa. Limamai suka yi huɗuba a kansa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasar ta ce kada a koyar da littafin. A watan Janairu 2021 Firayim Minista na lokacin, Abdalla Hamdok, ya dakatar da sabon tsarin karatun, shugaban cibiyar tsara manhaja kuma, Dokta Umar al-Garrai, ya ajiye aiki. Littafin kuwa na dukan ƙasa ne, har da 'ya'yan Hausawan Gadarif, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka suka zama manoman dawa da riɗi.

An yi ta magana a kan wanda ya sa hoton da wanda ya ce a cire shi. Hoton kansa bai sami mai duba shi da natsuwa ba. Ga shi kuwa yana ƙoƙarin amsa tambayar da kowane yaro yakan yi, wato daga ina rai ya fito. Ya kamata a auna shi bisa ga wannan tambaya.

Mikelanjelo ya zana rufin ɗakin sujada na Sistina a fadar Paparoma tsakanin 1508 da 1512, bisa umarnin Paparoma Yuliyus na Biyu. A kan ɗanyen shafe ya yi zanen, a rufi mai tsawon kamar mita 20 daga ƙasa. A hagu ga Adamu a kishingiɗe a kan tudu, tsirara, ya ɗora hannunsa na hagu a bisa gwiwa. A dama ga wani dattijo mai furfura, mala'iku kewaye da shi cikin jan mayafi, ya miƙo hannun dama da ƙarfi. Yatsunsu biyu sun kusa haɗuwa, amma ba su taɓa juna ba.

Gwanintar hoton tana cikin hannuwan nan biyu. Hannun Adamu a sake yake, kamar na mai tashi daga dogon ciwo. Jikinsa cikakke ne, ƙarfi kuwa babu. Duk himma tana wajen ɗaya hannun. Ba tare da kalma ko ɗaya ba, mai zanen ya koyar da cewa rai kyauta ne, karɓarsa ake yi, ba mai ƙaga wa kansa. Ɗan ratar da ya bari tsakanin yatsun kuma shi ne ke riƙe idon mai kallo, gama yana nuna kusancin Mahalicci da abin halitta, yana kuma nuna bambancinsu. A nan mai zanen ya cancanci yabon da duniya take yi masa shekara ɗari biyar.

Amma hoton yana da aibi, aibin kuwa ba ƙarami ba ne. Na fari, ya ba Allah siffar tsoho mai gemu. Musulmin da ransa ya ɓaci a kan wannan yana da hujja, bai kuwa kamata Kirista ya yi saurin raina ta ba. Littafin Fitowa sura 20 ya yi gargaɗi a kan siffofi, Bisharar Yohanna sura 1 kuma ta shaida cewa idon mutum bai taɓa ganin Allah ba. Ikkilisiyoyi sun daɗe da bambancin ra'ayi a kan hotuna, da yawa kuma ba sa yarda a zana Uba ko kaɗan. Saboda haka hoton nan ra'ayin mutum ɗaya ne na zamaninsa. Ba nassi ba ne. Wanda ya sa shi a littafin yara 'yan shekara goma sha ɗaya, a ƙasar da yawancin iyaye ke ganin irinsa haramun, ya kamata ya san zai ɗebo da zafi.

Aibi na biyu ya fi na fari nauyi, ko da yake masu gardama ba su kula da shi ba. Littafin Farawa sura 2 ya ambaci abu biyu a halittar mutum, ƙurar ƙasa da numfashi. Alƙur'ani ma ya yi maganar yumɓu da hura rai. A cikin hoton babu ƙura, babu numfashi. Yatsa ya maye gurbin numfashi, Adamu kuma ya fito sumul kamar gunkin Helenawa na farin dutse, har da cibiya, shi da ba a haife shi ba. A Ibrananci sunan Adamu ɗan'uwan kalmar ƙasa ne, amma wannan Adamu bai yi kama da wanda ya fito daga laka ba. Manomin Gadarif, wanda ya san baƙar lakar nan mai tsattsagewa da rani, mai kama ƙafa da damina, ya fi mai zanen kusa da ma'anar ayar. Ga shi kuma a Singa, a jihar Sinnar maƙwabciyar Gadarif, an tono ƙoƙon kan mutum a 1924, wanda masana suka ƙiyasta ya wuce shekara 130,000. Tsofaffin ƙasusuwan irin mutanen yau a Afirka aka same su. Yaron Sudan da aka nuna masa Bature a matsayin kakan kowa, an rage masa wani abu daga tarihinsa.

A 1990 wani likita a Amurka, Frank Meshberger, ya rubuta cewa jan mayafin nan da mala'ikun cikinsa suna da siffar ƙwaƙwalwar mutum, tun da an san Mikelanjelo ya feɗe gawawwaki yana saurayi domin ya koyi ginin jiki. Hasashe ne mai daɗin ji, mai zanen dai bai bar rubutun da ya tabbatar da shi ba.

Ƙurar da hoton ya manta da ita, Sudan tana da ita a hannu. Da asubar ranar 7 ga Oktoba 2008 wani dutse mai faɗin kamar mita 4 ya shigo daga sararin sama, ya fashe a bisa hamadar Nubiya. Shi ne na farko da masu duban taurari suka hango tun bai iso ba, daga jihar Arizona ta Amurka, ƙasa da kwana ɗaya kafin faɗuwarsa. A watan Disamba, Dokta Mu'awiya Shaddad na Jami'ar Khartum da Peter Jenniskens suka jera ɗalibai a hamada suna tafiya a ƙasa suna dubawa. A ƙarshe aka tsinci gutsattsari wajen 600, nauyinsu ya ɗara kilo 10. Aka sa musu suna Almahata Sitta, wato Tasha ta Shida, saboda tashar jirgin ƙasa da ke kusa, tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamad. A 2010 masana na hukumar NASA suka sanar cewa sun sami sinadaran amino a cikinsu, irin tubalan da ake gina naman jiki da su. Waɗannan sinadarai sukan zo da siffa biyu, ta hagu da ta dama, kamar tafin hannu. Masu rai na duniya kusan ta hagu kaɗai suke amfani da ita, amma a dutsen an sami waɗansu rabi da rabi, alamar ba a hamada suka shige shi ba.

Wannan bai tsaya shi kaɗai ba. A 1953 Stanley Miller na Jami'ar Chicago ya nuna cewa ruwa da iskoki da tartsatsin lantarki suna iya haifar da sinadaran amino a cikin kwalba. A 2023 wani kumbo ya kawo ƙura daga dutsen sama mai suna Bennu, aka kuwa sami 14 daga cikin iri 20 da jiki ke gini da su. Ashe kayan ginin rai a warwatse suke cikin sararin sama.

Sai dai tubali ba ɗaki ba ne. Har yanzu ba wanda ya haɗa ƙwayar rai mai ci, mai girma, mai haihuwa, daga matattun sinadarai. Masana sun ce duniya ta kai shekara miliyan 4,500, alamun rai kuma sun kai miliyan 3,500, amma yadda aka haye daga sinadari zuwa rai, bincike ne da ba a gama ba. Malamin da ya gaya wa yara kimiyya ta rufe maganar, ya wuce gona da iri. Mai bi kuma ya yi hankali kada ya kafa bangaskiyarsa a kan wannan giɓi kaɗai, domin in an cike shi gobe, ina zai tsaya? Manomi ya san iri, ya san taki, ya san lokacin ruwa, duk da haka yakan yi godiya ga Allah ran girbi, ba ya ganin saninsa ya kori godiyarsa. Firist ne ma, Georges Lemaître na Beljiyam, ya nuna da lissafi a 1927 cewa sararin sama yana faɗaɗa.

Tsoron irin wannan ilimi ya taɓa jawo wa Sudan hasara. A ƙarshen 1989 aka tsare Dokta Faruk Muhammad Ibrahim, malamin kimiyyar halittu a Jami'ar Khartum. A ƙarar da ya rubuta daga baya ya ce an azabtar da shi, cikin laifofin da aka ɗora masa kuwa har da koyar da ra'ayin Darwin na sauyawar halittu. Amma ilimin nan shi ne ke bayyana dalilin da kulorokwin ya daina kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Gadarif, inda ciwon kala-azar ya daɗe yana cin rayuka a ƙauyuka, inda ƙuduji ke shanye dawa, tana bukatar 'ya'yan da suka san yadda masu rai ke sauyawa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Hukuncin hoton ke nan: a gwaninta ya kai matuƙa, a koyar da asalin rai kuwa rabin magana ya faɗa, ya kuma faɗe ta da siffar da ta raba kan iyaye. Da an bar shi ga manyan ɗalibai masu nazarin zane, da an huta. Waɗanda suka dakatar da tsarin karatu dungum saboda shafi guda, su ma sun bar jaki suna dukan taiki. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya rufe makarantu, da yawa a Gadarif suka zama masaukin 'yan gudun hijira, yara suka yi hasarar karatu mai yawa. Duk ran da aka zauna rubuta musu sabon littafi, akwai hoton da ya fi dacewa da wannan shafi: ɗaliban Sudan a jere cikin hamada, kawunansu a sunkuye, suna neman baƙin dutse a cikin rairayi. Liman da fasto za su iya duban sa tare, yaro kuma ya yi tambayarsa ba tare da tsoro ba.