Makarantar Garke: Nazari Kan Yadda Makiyayan Fulatari Ke Koyar da Hankali

Fulatari ƙaramar hukuma ce ta karkara a arewacin Maine-Soroa, cikin jihar Diffa, can gabashin Nijar. Sunan ma da bakin Barebari aka raɗa shi: Fulata su ne Fulani, ɗafin "ri" kuma yana nuna mazauni. Ƙasa ce ta tuddan rairayi da kwarurruka masu goriba da kanwa, damina gajera, rani dogo. Wanda zai riƙe garke a irin wannan wuri har ya gadar wa jikokinsa, dole ya mallaki wani abu da ya wuce ƙarfin damtse. Hausawa na kiran abin hankali, Fulani su ce hakkiilo, Barebari su ce hangal, kuma duka ukun daga kalmar Larabci ɗaya suka tsiro. Abin da nake son mu duba shi ne hanyar da makiyayan wannan yanki ke bi su dasa shi a zuciyar yaro, domin tana da amsa ga duk mai tambayar yadda ake samun hikimar zaman duniya.

Tarbiyyar da suke kira pulaaku tana tsaye ne kan manyan ginshiƙai uku: munyal, wato haƙuri da juriya, semteende, wato kunya da kamun kai, sai hakkiilo, wanda ya haɗa lura da hangen nesa. Abin lura shi ne babu wanda ke zaunar da yaro ya karanta masa waɗannan kalmomi. Aiki ake ɗora masa, ƙarami sannan babba, kowanne da darasin da ke cikinsa.

Ajin farko shi ne dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai shi ke kwance su da safe, ya tsare su kada su bi iyayensu su shanye nonon gida, ya maido su da yamma. Kafin ya kai goma ya san kowace saniya da sunanta, ya san uwarta da kakarta, ya san wadda ke jan gaba da wadda ke saurin firgita. Idan karsana ta tsaya ba ta tuƙa, ko ta ware daga 'yan'uwanta, shi ake sa ran ya fara gani. Ya san ƙarangiya ɗanya da busasshiya ba amfaninsu ɗaya ba, ya san lokacin da dabba ke bukatar lasar kanwa. Ita kuma yarinya tana gefen uwarta wajen tatsa da kaɗa nono da gyaran ƙwarya, ranar kasuwa ta ɗauki talla, ta koyo Barbarci da Hausa da ciniki da sanin fuskar mai gaskiya. Darasin wannan aji guda ne: buɗe ido kafin buɗe baki.

Aji na biyu bakin rijiya ne, kuma a nan nake ganin zurfin al'adar ya fi bayyana. A tsakiyar bazara, tun kafin rana ta ɗaga, za ka tarar da sa ko raƙumi yana jan igiyar guga, ƙaramin yaro na kora shi ya je ya dawo, babba kuma na tsaye a bakin rijiya yana karɓar guga yana juyewa cikin komi. Shanun da suka wuni suka kwana ba ruwa suna tsaye nesa kaɗan, ana sako su kashi-kashi, wani saurayi na tare sauran da sanda da kira. Sai ga baƙo ya iso da nasa garken. Ba ya kusantar komi. Yakan tsayar da dabbobinsa can baya, ya zo ya yi sallama, a gaisa gaisuwa mai tsawo, a tambayi mutanen gida da lafiyar dukiya, wataƙila a ɗora shayi, sannan ya faɗi bukatarsa. Mai rijiya ba ya hana mai ƙishi ruwa, don abin kunya ne, kuma ya san baɗi shi ma yana iya zama baƙo a rijiyar wani. Amma yakan yanka masa kwanaki, gwargwadon ƙarfin ruwan da yawan ciyawar da ta rage a kewaye. Yaron da ke kora san nan yana jin komai. A wuni guda ya ga yadda ake roƙo ba tare da zubar da girma ba, da yadda ake kyauta ba tare da an kashe gida ba.

Darajar wannan tsari ta fito fili lokacin da hukuma da masu ba da agaji suka yawaita gina rijiyoyin siminti na kowa da kowa. Niyyar alheri ce, amma rijiyar da ba ta da mai ita ba ta da mai yanka kwanaki. Garkuna suka riƙa taruwa wuri guda, ciyawa ta ƙare da wuri, a wasu wuraren ƙarfi ya maye gurbin sallama. Ashe gaisuwar nan mai tsawo ita ce dokar da ke kare makiyaya.

Aji na uku tafiya da shawara. Kafin a tashi daga mashekari, akan tura garso, wato gogaggen makiyayi, ya hau raƙumi ya je ya dubo inda ruwa ya sauka, ya ga irin ciyawar da ta fito da halin mutanen wurin. In ya dawo, magidanta su zauna, kowa ya kawo abin da ya gani ko ya ji, a auna, sannan a tsai da rana. Samari na zaune daga baya suna saurare. A nan suke gane cewa gani ya kori ji, kuma ra'ayin mutum ɗaya, ko da ardo ne, ba ya isa a ɗora rayuwar garke a kansa. Idan hanya ta gangara kudu wajen kwarin Komadugu, inda Barebari ke noman tattasan da Diffa ta yi suna da shi, sai wani darasin ya ƙaru: bin burtali, jiran a kwashe amfanin gona, da iya zama da manomi. Wasan barkwanci da ke tsakanin Fulani da Barebari yana taimakawa ƙwarai, don sau da yawa maganar da za ta zama faɗa takan ƙare da dariya. Wannan wasan taubasantaka na Nijar ne hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gadon duniya a 2014.

Aji na ƙarshe shi ne habbanaye. Mutum ya ɗauki karsana daga garkensa ya ba ɗan'uwa ko aboki wanda ya rasa dukiya, ko saurayin da ke fara kafa kansa. Wanda aka ba zai riƙe ta, ya sha nononta, ta haifa masa maruƙa biyu ko uku gwargwadon al'adar zuri'a, ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar. Ba takarda, ba ruwan bashi. Saniyar habbanaye ta fi kowace saniya gata a garke, domin mutuncin mutum biyu ne ke tafe a kanta. Bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, wannan al'ada na cikin abin da ya tayar da gidaje da yawa da suka wayi gari ba ko akuya, har ƙungiyoyin agaji suka ara suna raba awaki a kan tsarinta. Wanda ya riƙe amanar wani shekaru ya mayar da ita lafiya, ya kai matsayin da za a tambaye shi shawara.

Duk da haka, son da nake yi wa wannan tarbiyya ba zai hana ni faɗin rauninta ba. Kunya ado ce, amma idan ta yi yawa takan rufe bakin tambaya, alhali matambayi ba ya ɓata. Akwai mace mai ciki da za ta danne ciwo don kada a ce ta yi raki, har lokacin zuwa asibiti ya wuce. Akwai saurayin da ya ga kuskuren babba amma nauyin baki ya hana shi magana. Haƙurin da ya zama shiru a kan cuta ya tashi daga munyal. Sannan duniyar da dattawa suka haddace tana sauyawa. Bayan harin Boko Haram a Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015 da dokar ta-ɓacin da ta biyo baya, hanyoyin zuwa Komadugu da tafkin Chadi suka zama na kasada, wasu kasuwanni suka rufe, garkuna suka cunkushe a arewa. Garso ya san ciyawa, amma yanzu ana bukatar wanda ya san takarda. Dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, sai dai haƙƙin da mai shi bai iya karantawa ba, da wuya ya tsaya ya kare shi a gaban hukuma.

Saboda haka gyaran da ake bukata shi ne a haɗa, kada a musanya. Wannan yanki tsohuwar ƙasar Barno ce, inda almajirai daga Kano da Katsina da Damagaram suka daɗe suna nufa neman Alƙur'ani, har kalmar "gabas" ta zama sunan tafiya karatu. Yau kuma akwai jami'a a garin Diffa tun 2014. Yaron Fulatari ya cancanci allo, ya cancanci aji, kuma bai kamata a karɓe masa sandar kiwo a matsayin kuɗin shiga ba. Makarantar da za ta yi la'akari da lokacin tashi da saukar makiyaya ita ce za ta same shi.

Mu kuma na gari, da muke tsammanin hikima na zuwa da yawan shekaru ko tarin takardun shaida, ga abin da makarantar garke ke gaya mana: a fara da lura, a jure wahala, a saurari manya da baƙi, a je a gani da ido, a karɓi amana a mayar. Ya kai uba, ya ke uwa, in kuna son ɗanku ya yi hankali, ku ba shi abin da zai tsare tun yana ƙarami, ku tsaya kusa kuna kallo, kuma ku bar masa ƙofar tambaya a buɗe.