Arziki da Asali: Nazari a kan Wasan Majigin "Blue Jasmine"

Daga cikin wasannin majigi da aka yi a kan juyin duniya, kaɗan ne suka kai "Blue Jasmine" kaifi. Woody Allen ne ya tsara shi a Amurka cikin 2013. Labarin wata mata ce, Jasmine, matar wani attajiri mai suna Hal a birnin Niyok. Ashe dukiyar tasa ta zamba ce. Hukuma ta kama shi, ya kashe kansa a kurkuku, aka ƙwace gida da kaya. Sai ta sauka a San Faransisko wurin Ginger, wadda aka yi riƙonsu tare tun suna yara, ita kuwa mai ƙaramin aiki ce a kanti.

Mai kallo na Sabon Birni ko Isa ba baƙo ba ne ga irin wannan labari. Alkalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, manyan gida suka watse. Duk da haka Gobirawa suka sake kafa gari a Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni, har sarautar Inna, shugabar matan Gobir, ba ta ɓace ba. Birni ya tafi, asali ya saura. To, a nan ne wasan ya sha bamban. Jasmine ba ta da abin komawa, domin ko sunan nata ma ara ta yi, ainihin sunanta Jeanette. Da kuɗi suka ƙare, sai ya zama babu kowa a cikin rigar.

Gwanintar mai tsarin ita ce bai jera labarin daga hawa zuwa sauka ba. Yakan nuna ta cikin ƙuncin ɗakin Ginger, sai ya koma da mai kallo zamanin daula, ya sake dawowa. Ta haka ake gane cewa tun tana sama tana kau da kai daga gaskiya. Dala 200,000 da Ginger da mijinta na dā, Augie, suka ci a caca, Jasmine ce ta ja su suka damƙa wa Hal, suka salwanta. Sai can ƙarshe asiri ya tonu, cewa ita da kanta ta buga wa hukuma waya ta tona mijin, ba don tsoron Allah ba, sai don kishi, da ya ce zai rabu da ita. Watau ita ta sare reshen da take zaune a kai.

Cate Blanchett, wadda ta fito a matsayin Jasmine, ta sami kyautar Oscar a 2014, kuma lalle ta cancanta. Ta sa mai kallo ya ji tausayin wadda ba ya so.

Amma fa wasan yana da aibi. Talakawan ciki, musamman Chili, saurayin Ginger, an mai da su masu hayaniya, abin dariya, kamar dai mai tsarin ta tagar attajirai ya leƙa su. Wanda ya ga matan ƙasar Gobir da 'yan bindiga suka raba da gidajensu, suka ƙetara ƙasar Maraɗi da mutuncinsu, ya san rashi ba ya mai da mutum wawa.

An saba a rufe irin wannan labari da tuba da wa'azi. Wannan wasa ya ƙi. Ya bar Jasmine zaune a kan benci ita kaɗai, tana surutai, ba ta koyi kome ba. Wanda ya zo neman wa'azi zai ce ba a ƙarasa ba, alhali kuwa hukuncin ke nan, har ya fi na alƙali tsanani.