Maɓalli ko madanni? Gyara kan fassarar "button"

Yau ga wata fassara da ta zama ruwan dare a wayoyinmu da shafukan intanet: "danna maɓalli". Mu duba ta da kyau.

A Turanci, "button" tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. Akwai na riga, akwai wanda ake dannawa a waya ko rediyo ko na'urar cirar kuɗi. "Belly button" cibiya ce. Idan aka ce wani ya yi "push my buttons", ana nufin ya tsokano ni har raina ya ɓaci. Turawa sun aro kalmar ne daga Faransanci, kuma asalinta yana komawa ga aikatau mai ma'anar turawa ko tunkuɗawa. Shi ya sa ba ta yi musu nauyi ba da suka ɗora ta a kan abin dannawa.

Mu kuwa tamu kalmar daga ina ta fito? Daga "ɓalla". Ka ɓalla rigarka, in ka dawo gida ka ɓalle ta. Tsarin sunan kayan aiki a Hausa a bayyane yake: buɗe ta ba mu mabuɗi, kulle ta ba mu makulli, ɓalla ta ba mu maɓalli. To abin da ake dannawa fa? Madanni, jam'insa madannai. Kalmar tana nan, ba sai mun ƙirƙiro ba.

Kuskuren mai fassara shi ne ya buɗe ƙamus, ya ɗauki ma'anar farko, ya liƙa ta ko'ina. Ka ce wa tsohuwa "Hajiya, danna maɓallin kore", in ba ta saba ba sai ta tsaya tana kallonka, don a waya babu abin da ake ɓallawa.

Wani zai ce ai Hausa ma takan faɗaɗa ma'ana. Haka ne. Dubi "anini": tsohon kuɗin nan mai huda a tsakiya, goma ke yin kwabo, ga shi yau muna cewa soja mai anini uku. Amma wannan kamanni ne ya jawo shi, bakin Bahaushe ne ya yi. Na "maɓallin waya" kuwa bin Turanci ne ido rufe.

Sai kuma lanƙwasa: maɓalli ake rubutawa, ba "maballi" ba.

A garinku me kuke kiran na riga, maɓalli ko botin?