Macijin Rijiya: Nazari a Kan Yadda Ake Sake Rubuta Tarihihi Domin Yara

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu duba abin da kan salwanta idan aka sauƙaƙa tarihihi domin yara. Za mu kwatanta labarin Kadmus na Girkawa da namu na Bayajidda, saboda zubinsu ya yi kama ainun.

A wurin Girkawa, Kadmus baƙo ne daga Finisiya, wanda ya fita neman ƙanwarsa Yuropa. Ya kashe macijin da ke tsare da wata maɓuɓɓuga, ya kafa birnin Tibis, ya auri Harmoniya. Bayajidda shi ma baƙo ne daga Bagadaza. Ya kashe macijin da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ran Juma'a, ya auri Daurama.

A 1853 marubucin Amurka Nathaniel Hawthorne ya sake rubuta labarin Kadmus domin yara a cikin littafinsa Tanglewood Tales. Bai faɗa musu cewa bijimin da ya sace Yuropa shi ne Zus, babban abin bautar Girkawa, ba. Haka kuma ya zubar da bautar shekara 8 da Kadmus ya yi wa Ares, mai macijin, a matsayin diyya. Wato ya bar jaruntaka, ya cire hukuncinta, alhali kuwa a nan ne Girkawa suka ajiye darasin: zubar da jini yana da biyan bashi, ko da jinin dodo ne.

Irin wannan matsala tana fuskantar malamin da ke gaban ɗalibai a Wurma ko Kurfi. Bayan kisan maciji akwai baiwar nan Bagwariya, wadda ta haifi Karɓagari, sa'an nan Daurama ta haifi Bawo. Daga Bawo aka jawo mafi yawan sarakunan Hausa Bakwai, har da Kumayau na Katsina. Daga Karɓagari kuma aka jawo Banza Bakwai. Idan malami ya tsaya a kan aure, ya yi irin aikin Hawthorne, domin sunayen 'ya'yan nan biyu su ne ke nuna cewa jigon labarin gādon mulki ne. Idan kuwa ya sa yara su haddace jerin ƙasashen a matsayin tarihi tsantsa, to ya koya wa ɗan Katsina cewa maƙwabtansa Zamfarawa da Kabawa banza ne, ga shi kuwa Hausa suke yi kamarsa.

Tun a 1970 Abdullahi Smith ya nuna cewa ba za a dogara da wannan labari wajen bayyana kafuwar daulolin ƙasar Hausa ba. A ganinmu wannan bai rage masa daraja a fagen adabi ba, sai dai ya fayyace mana matsayinsa.

Saboda haka shawararmu ga marubuta, da kuma masu horar da malamai a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, ita ce a sauƙaƙa harshe amma a bar ƙashin labari yadda yake. A gaya wa yaro tun farko cewa tarihihi ne, sa'an nan a tambaye shi: wa ya amfana da aka kira waɗansu banza? Yaron da ya iya warware kacici-kacici a dandali ba zai kasa ɗaukar wannan tambaya ba.