Amanar Murya: Nasiha Ga Matasanmu Masu Ɗaukar Sauti

Cikin 'yan shekarun nan wata sana'a ta yaɗu tsakanin samarin Batsari da Safana, kamar yadda ta yaɗu a birnin Katsina da Kano, watau sana'ar ɗora murya. Wannan yana karanta tallar magani da za a sa a lasifika ranar kasuwa, wancan yana karanta littattafan hikaya don masu saurare a YouTube, wani yana ɗaukar tafsirin malaminsa a watan Azumi ya rarraba ta WhatsApp, wani kuwa burinsa ya kai matsayin masu fassara finafinan Indiya irin na Algaita. Wannan abin hamdala ne, domin neman halal ne. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta shigo tare da shi, wadda nake ganin wajibi ne a yi tanbihi a kanta tun ba ta zama ƙa'ida ba.

Galibin masu farawa, da zarar sun tara 'yan kuɗi, sai su sayi ƙaramin akwatin nan da ake kira V8, mai maɓallan tafi da dariya da amsa-kuwwa, su haɗa shi da makirufo BM-800, sa'an nan su murɗa amsa-kuwwar har ƙarshe, bisa zaton cewa alamar gwaninta ke nan. A ra'ayina wannan ha'inci ne ga muryar da Allah Ya ba mutum amana, domin Hausa harshe ne da ma'anarsa ta rataya ga karin sauti da tsawon wasali, kuma idan kalma ta hau kan 'yar'uwarta sai mai saurare ya koma kintace. Balle a ce aya ce malami ya jawo, wadda malaman tajwidi suka ƙarar da rayuwarsu wajen kiyaye makharijan haruffanta.

Sharaɗi na farko shi ne mai saye ya fahimci hakikanin aikin na'urar da ake haɗa makirufo da ita. Abin da makirufo ke fitarwa wuta ce 'yar mitsitsiya, wadda ake aunawa da kashi ɗaya cikin dubu na bolt, don haka sai an sami sashen da zai ƙara mata ƙarfi, kana wani sashen ya mai da ita lambobi da kwamfuta ke fahimta. Fifikon wata na'ura a kan wata yana ga iya ɗaga murya ba tare da ta ɗago shuuu tare da ita ba. Jarrabawar kuwa mai sauƙi ce, ana yin ta tun a gaban mai shago: ka sa abin sauraro a kunne, ka murɗa maɓallin ƙara ƙarfi har muryarka ta cika, sa'an nan ka yi shiru ka saurari abin da ya rage, bayan haka ka ɗaga murya kamar mai shela, ka lura ko fitilar na'urar ta yi ja, kamar yadda zoben Focusrite Scarlett ke yi idan sauti ya wuce haddi.

Sharaɗi na biyu shi ne la'akari da halin wurinmu, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ƙurar hunturu kuma ba ta bar kome ba. Na'urar da ke shan wuta ta USB daga batirin kwamfuta ita ce maslaha, domin tana ba mutum damar kashe janareta lokacin ɗauka. Makirufo na kwandensa, wanda ke bukatar bolt 48 daga na'urar, yana da kaifin ji ƙwarai, har yakan kwaso injin niƙan maƙwabta da kukan awaki da babur ɗin da ya gifta. Shi kuwa na dainamik, irin Shure SM58 da aka fara ƙerawa a 1966, ya fi juriya, kuma da yake ana kusantar da baki gare shi, hayaniyar waje takan ragu, illa dai yana son na'urar da ƙarfinta ya kai wajen desibel 55 zuwa 60. Ɗaki ma yana da nasa hukunci: bangon siminti da rufin kwano suna mai da sauti, alhali ɗakin da aka shimfiɗa tabarmi, aka jingina katifa, aka rataya barguna, yakan haɗiye shi.

Ba kuma ina kira ga israfi ba ne, domin wanda ya ci bashi ya sayi na'ura mai tsada, alhali bai gyara lafazinsa ba, ya sayi sirdi ne tun bai mallaki doki ba. A 1957, lokacin da Aminu Abdullahi Malumfashi ya buɗe shirin Hausa na BBC, da kuma bayan kafa Rediyon Kaduna a 1962, iyayenmu suna kama tasha ta gajeren zango cikin ƙugi da hayaniya, amma suna fahimtar kowace kalma, saboda fasahar masu magana da natsuwarsu. A 2021 ma, da aka katse layukan waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro, rediyo jama'a suka komawa, kuma bukatarsu a lokacin ita ce bayani bayyananne.

Saboda haka tartibin da nake ba matasanmu shawara a kansa shi ne: a fara gyara harshe, sa'an nan ɗaki, sa'an nan makirufo, daga ƙarshe a nemi na'ura matsakaiciya mai tsabtar sauti gwargwadon iko. Wanda ya bi wannan tsari zai isar da saƙo kamar yadda aka ba shi, kuma masu ba da aiki za su dawo gare shi.