Tsarin Taimako na GNOME a Ma'aunin Harshen Hausa

Tsarin sarrafa kwamfuta wanda aka bar asalin rubutunsa a buɗe, kowa ya duba ya gyara, ba ya wadatar da mai aiki da shi sai in yana ɗauke da littafin jagora a cikinsa. Wannan nazari ya dubi yadda aka gina irin wannan jagora a GNOME, watau ɗaya daga cikin fuskokin Linux, da abin da ginin zai jawo wa mai fassara shi da Hausa.

Tushen al'adar shi ne littafin Unix na shekarar 1971, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka rubuta a Bell Labs. Kowane umarni yana da shafinsa: suna, taƙaitaccen fasali, bayani, har da kurakuran da aka sani. Shafin yana da tsabta, amma masani aka rubuta wa, domin wanda bai san sunan umarni ba da wuya ya kai ga shafinsa.

GNOME ta bi wata hanya. Tun daga fitowa ta 3.0 a 2011, an sake rubuta jagorar da tsarin Mallard, wanda Shaun McCance ya ƙirƙiro, ana karanta ta da manhajar Yelp. Maimakon littafi mai babi-babi, sai aka yi gajerun shafuka, kowanne yana amsa tambaya guda, kamar yadda ake haɗa na'urar buga takarda. Shafi da kansa yake faɗin inda ya dace a jera shi, don haka ana ƙara sabo ba tare da an taɓa na da ba. Wannan abin yabo ne, gama an fara ne daga bukatar mai tambaya.

Amma ta wajen fassara akwai aibu uku. Na farko, ana yanyanka shafi sakin layi-sakin layi kafin a miƙa wa mai fassara. Da zarar an sauya wani abu a Ingilishin, sai a ɗauki fassarar wannan yanki a matsayin abin shakka, Ingilishi ya koma gurbinta. Harshen da masu fassararsa ba su da yawa zai wayi gari da shafi rabi Hausa rabi Ingilishi.

Na biyu, Ingilishi yana magana da mai karatu da wakilin suna guda, Hausa kuwa tilas ta zaɓa tsakanin ka, ki, ku da a. Tun da yake mutane dabam-dabam ne ke fassara yankuna dabam-dabam, ana iya samun “ka danna” a sama, “a danna” a ƙasa. Tsarin bai hana wannan ba, sai dai masu fassara su yi ittifaƙi tun da fari. Siffar “a danna” ta fi dacewa, domin ba ta ware mace ko namiji.

Na uku shi ne neman kalma. Allon rubutu na Faransanci da aka saba da shi a Nijar ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Mai neman “ƙara sauti” zai rubuta “kara”. In manhaja ta bambanta haruffan biyu ba zai sami kome ba, in kuma ta haɗe su ta gama ƙafa da kafa. Har ila yau Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, alhali jagora ɗaya za su karanta.

Saboda haka Mallard ya warware matsalar jeri, bai warware ta harshe ba. Kafin a fassara shafi ko guda, wajibi ne masana na Yamai da na Kano su daidaita jerin kalmomi, da siffar umarni, da ƙa'idar neman haruffa masu lanƙwasa.